Garin fudin da ba ya son wuta

Ranar da na fara buɗe kwalin garin fudin, irin wanda ake rubuta "instant pudding" a jikinsa, ban ko tsaya karanta bayan kwalin ba. Na ga gari mai ƙamshin banila, ɗan rawaya-rawaya, sai kawai zuciyata ta ce ai kastad ne da wani suna. Na ɗora madara a wuta ta tafasa, na juye garin a ciki ina juyawa, kafin in ƙirga goma tukunyar ta cika da gudaji manya-manya, wajensu santsi cikinsu busasshen gari, na burga na burga har hannuna ya gaji sun ƙi fashewa. Raina ya ɓaci sosai dan baƙi nake jira ranar. Na kira yayata na ce, "Yaya, wannan garin naki da kika ba ni ina jin ya lalace fa." Ta ce, "Da me kika dama?" Na ce da madara mai zafi mana. Ta ce, "To ai nan kika kuskure, shi wannan an riga an dafa miki shi tun daga kamfani, madara mai sanyi kawai yake nema."

Wannan maganar tata, cewa an riga an dafa shi, ita ce ta buɗe min komai game da garin nan, kuma ita nake so 'yan uwa masu son girke-girken zaƙi su riƙe, dan duk wanda ya gane ta ba sai ya haddace wani dogon tsari ba, da kansa zai san inda zai zuba garin da inda ba zai zuba ba.

Ga yadda abin yake. Sitaci na yau da kullum, kamar na masara da ke cikin kastad, ƙananan ƙwayoyi ne a dunƙule, in kin zuba su a ruwan sanyi ba abin da suke yi sai dai su kwanta a ƙasan kwano. Sai sun ji zafi, wajen digiri 62 zuwa 72 a ma'aunin Celsius, sannan suke fara shan ruwa suna kumbura, kuma ba sa gama yin kauri sai an kusa tafasa. Shi ya sa kastad dole sai da wuta ko tafasasshen ruwa. To su masu yin garin fudin na nan-take sai suka yi wannan aikin tun a masana'anta, ana dama sitacin masara ko na rogo da ruwa, a dafa shi, galibi a kan wasu manyan gangunan ƙarfe masu zafi da ke juyawa, ya bushe ya zama kamar ɓawo siriri, a kankare a niƙe ya koma gari. Ƙwayoyin sun riga sun buɗe, saboda haka da zarar sun haɗu da ruwa ko mai sanyi ne sai su hau sha nan take. Kin ga dalilin gudajina kenan, a madara mai zafi wajen garin ya sha ya toshe tun kafin ruwa ya kai ciki. Sukarin da ke cikin kwalin ma ba dan zaƙi kaɗai aka sa shi ba, yana shiga tsakanin ƙwayoyin sitacin yana raba su dan kar su manne da juna lokacin da ake burgawa.

Amma sitaci rabin labarin ne. In kin juya kwalin kin duba jerin abubuwan da ke ciki za ki ga wasu gishirin fosfet guda biyu masu dogon suna. Aikinsu shi ne su yi hulɗa da kalsiyam da kuma furotin ɗin madarar shanu, wanda ake kira kasin, su sa shi ya haɗa jiki ya zama kamar raga mai laushi da ke riƙe ruwa. Wato dai fudin ɗin ta hanya biyu yake kamawa, sitaci na shan ruwa, furotin na daskarewa. Shi ya sa in kika dama da ruwa zalla sai ki samu wani abu tsululu mai yauƙi, haka in kika yi da madarar waken suya ko ta almon ko ta kwakwa, tunda babu kasin a cikinsu sitacin ne kaɗai ke aiki. Wasu kamfanonin har rubutawa suke a kwali cewa ba zai kama da madarar waken suya ba. Wanda ba ya shan madarar shanu kuma yana so, sai ya rage madarar tsirran zuwa kamar kofi ɗaya ko ɗaya da kwata a maimakon biyun da ƙaramin kwali ke ɗauka, zai yi kauri daidai gwargwado, duk da ba zai tsaya kyam kamar na madarar shanu ba. Madarar gari da aka dama da ruwa kuwa tana yi lafiya lau, ai madarar shanu ce, sharaɗi dai a dama ta da kauri yadda ya kamata kuma a sa ta a firij ta yi sanyi tukuna.

Ma'aunin da aka fi sani shi ne na ƙaramin kwalin Jell-O, wani sanannen samfurin Amurka, mai giram 96, madara mai sanyi kofi 2, wato kusan mililita 480, a burga minti 2, a bar shi minti 5 ya kama. Babban kwalin mai giram 144 kofi 3 yake ɗauka. Madara ake fara zubawa a kwano sannan a barbaɗa garin a kai ana burgawa, kuma minti biyun nan a cika su, ni har agogo nake dubawa dan hannu yakan yaudari mutum ya ga kamar an gama alhali minti ɗaya ma bai cika ba. In za ki zuba a ƙananan kofuna ki yi maza tun yana zubuwa, in ya riga ya kama kika dawo kina juya shi ragar nan ce kike yagawa, zai saki ba zai koma yadda yake ba.

Wani abu da mutane ba sa lura da shi, kar a ɗanɗana da cokali a mayar da cokalin cikin kwano. A miyau akwai wani sinadari mai suna amiles da aikinsa shi ne narkar da sitaci, kaɗan ya shiga sai ki dawo bayan wasu awanni ki tarar fudin ya tsinke ya zama ruwa. Ɗanyar zuma ma tana ɗauke da irinsa. Ɗanyar abarba, gwanda da kiwi kuma nasu sinadarin furotin yake ci, in suka kwana cikin abin madara sai ya saki har ya yi ɗaci-ɗaci, dan haka abarbar gwangwani ko wadda aka ɗan dafa ita ake sawa, zafi ya riga ya kashe ƙarfin sinadarin.

Tarihin abin ma yana burge ni. Kakan duk waɗannan garurrukan shi ne kastad ɗin da wani mai haɗa magunguna, Alfred Bird, ya ƙirƙiro a birnin Birmingham na Ingila a 1837, saboda matarsa jikinta ba ya karɓar ƙwai kuma tana son kastad, sai ya yi mata da sitacin masara. A Jamus kuma August Oetker na garin Bielefeld ya fara sayar da garin fudin a 1894, har yau sunan Dr. Oetker na kan kwalaye. A Amurka My-T-Fine ya fito a 1918, fudin mai sunan Jell-O ya biyo baya a 1936, amma duk waɗannan sai an dafa. Wanda ba ya buƙatar wuta sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu, a shekarun 1950, lokacin da firij ya shiga gidaje da yawa a can. Ingila ta samu nata salon a 1967 da Angel Delight, wanda shi ya fi kumfa da sauƙi a baki. Kalmar ma kanta tana da ruɗani, a Ingila kusan duk abin zaƙin da aka ci bayan abinci ana iya ce masa fudin, a Amurka kuwa wannan mai laushin na madara da ake sha da cokali ake nufi, kuma shi muke magana a kai. Har yanzu ana sayar da iri biyun gefe da gefe, na dafawa da na nan-take, kwalayensu kamar tagwaye, dan Allah a riƙa dubawa kafin a ɗauka. In tsarin girki ya ce na nan-take kika sa na dafawa a kirim mai sanyi, gari-gari za ki ji a baki kuma ba zai taɓa kamawa ba.

To ni fa gaskiya shan sa haka zalla a kofi shi ne mafi ƙarancin abin da nake yi da shi. Yana da daɗi, yara na so, amma in dai ɗanɗano ake nema tsantsa wanda aka dafa da madara da gwaiduwar ƙwai ya fi shi nesa ba kusa ba, ba zan ɓoye wannan ba. Inda garin nan ya zama gwani shi ne in an ɗauke shi a matsayin kayan aiki, abin da ke kama ruwa ya riƙe.

Mu fara da kirim, dan nan ne ya fi cetona. Duk wadda ta taɓa buga kirim ta yi wa kek ado ta san takaicin, kin buga ya tashi ya yi tsini mai kyau, kin matsa furanni a kan kek, bayan awa biyu uku sai ki ga gefen furannin ya fara kwanciya, ƙasan faranti ya jiƙe da wani farin ruwa. Kirim kumfa ne, iska ce da mai ya kewaye, ruwan da ke tsakani kuwa a hankali yake silalowa ƙasa. In kika zuba babban cokali 1 zuwa 2 na busasshen garin fudin a kofi ɗaya na kirim mai sanyi tun farkon bugawa, sitacin zai shanye wannan ruwan ya hana shi gudu. Na tuna lokacin da na fara gwadawa, na ɗaga maburgin sama kirim ɗin ya tsaya a bakinsa kamar ƙaho, na kife kwanon bai motsa ba, na yi adon da daddare na sa a firij, da safe na buɗe na tarar layukan da bakin abin matsawar ya zana suna nan ɗaya bayan ɗaya kamar yanzu na yi su. Abu biyu dai za a kiyaye. Yana yin kauri da sauri fiye da yadda kika saba, dan haka ki rage gudun miksa ki tsaya da wuri, in kin zarce zai fara yin tsaki-tsaki ya nufi zama bota. Sannan ki rage sukarin da kike sawa tunda garin ya zo da nasa. Na banila yakan ɗan ba kirim launin rawaya saboda kalar da ake sa masa, mai son fari tas sai ta nemi na farin cakulan.

Sai kek. A nan ba a dama shi, busasshensa ake haɗawa da fulawa. Abin da yake yi shi ne, sitacin da sukarin suna riƙe danshi a cikin kek ɗin, sannan suna kama wani kaso na ruwan da fulawa za ta sha ta yi danƙo, sai kek ya fito da laushi, cikinsa a haɗe, ya kwana biyu uku bai bushe ba. A Amurka dabarar ta karɓu har a ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin garin kek irin su Pillsbury suka fara zuba fudin a cikin kwalin tun daga masana'anta suna tallata hakan. Haɗin da aka fi yi da garin kek na kwali shi ne kwali ɗaya, ƙaramin kwalin fudin ɗaya, ƙwai 4, mai rabin kofi, sai kofi ɗaya na ruwa ko madara ko yogot mara zaƙi. Ƙullun zai yi kauri fiye da wanda kika sani, kar ki tsorata ki yi ta ƙara ruwa, haka yake. Yakan kuma ɗan ƙara daɗewa a obin, saboda haka tsinke ne alƙali, ki soka a tsakiya ki gani. In kuma kwalin garin kek ɗin ya riga ya ce akwai fudin a ciki, ƙara wani yakan sa kek ya yi nauyi har ya yi kamar bai gasu ba, ni rabin kwali nake sawa ko in bari gaba ɗaya.

Mai haɗa kek ɗinta daga fulawa ma za ta iya, sai dai ta tuna fiye da rabin abin da ke cikin kwalin nan sukari ne, ta rage nata, ta ɗan ƙara madara cokali biyu uku. Amma akwai kek ɗin da ba na yarda garin nan ya kusance shi, irin mai sauƙin nan kamar soso da kumfar ƙwai kaɗai ke tayar da shi. Shi duk kyansa a rashin nauyi yake, garin fudin kuwa nauyi da danshi yake kawowa, sai ya danne kumfar kek ya fito a zaune. Wurinsa kek mai bota ne, ko mai mai, ko na ayaba, ko wanda ake gasawa a gwangwani mai rami a tsakiya.

Kukis kuwa, wanda bai taɓa ci ba zai yi mamaki. Fulawa kofi 2 da kwata, bota kofi 1, jan sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, farin sukari kwatan kofi, ƙwai 2, bekin soda ƙaramin cokali 1, ƙaramin kwalin fudin, sai ɓarɓashin cakulan yadda kike so. A gasa a digiri 175 na Celsius, minti 10 zuwa 12, a cire tun tsakiyar tana kamar ba ta gama ba, a bar su kan tiren su ƙarasa da zafinsa. Ba sa bajewa sosai, suna tashi da kauri, kuma bayan kwana uku in kin karya ɗaya sai ya lanƙwashe kafin ya rabu. Mai son kukis mai ƙaras-ƙaras dai wannan ba nata ba ne.

Akwai kuma dangin kayan zaƙin da ba a gasawa sam, firij ne ke yin aikin. Wanda ya fi shahara shi ne fudin ɗin ayaba na Magnolia Bakery da ke birnin New York, sun wallafa yadda suke yi ba ɓoye-ɓoye, kuma garin nan ne ginshiƙinsa. Gwangwani ɗaya na madara mai kauri mai zaƙi, ruwan ƙanƙara kofi ɗaya da rabi, ƙaramin kwalin fudin na banila, a burga a sa a firij ya kama sosai, awa uku huɗu ko ya kwana. Sannan a buga kirim kofi 3 a haɗa a hankali, a jera a kwano hawa-hawa, biskit mai banila, yankakkiyar ayaba, fudin, a sake maimaitawa. Za ki ce ai ga ruwa nan an sa bayan na ce ruwa ba ya yi, to madarar gwangwanin ce ta kawo furotin ɗin, ruwan sirka ta kawai yake yi. Abin da na fi so a wannan haɗin shi ne abin da ke faruwa da biskit ɗin, cikin awa huɗu zuwa takwas yana jan danshi daga fudin a hankali har ya koma kamar kek, in kin nutsa cokali ba ki jin wata turjiya daga sama har ƙasa. Ya wuce kwana guda kuwa ayabar ta fara baƙi, dan haka a yi shi daidai ci.

Irin wannan dabarar ce a sauran, biskit ɗin Oreo da aka daka aka jera da fudin ɗin cakulan, ko kek da ake hudawa da gindin cokalin katako yana da ɗumi a zuba fudin tun bai kama ba ya gangara cikin ramukan. Amurkawa har wani koren haɗi gare su da suke kira salak ɗin Watergate, na fudin mai fistashiyo (wani ɗan itace mai koren ciki da ake ci kamar gyaɗa) da abarbar gwangwani, ya yi tashe tun tsakiyar shekarun 1970, shi ruwan abarbar ne ma ke jiƙa garin. In kuma cikon fai za ki yi, wato fudin da ake zubawa cikin ɓawon fulawa ko na biskit, wanda ake so a yanka ya tsaya, ki rage madarar da kamar kwatan kofi zuwa rabi. Ragowar fudin in an haɗa da ɗan kirim aka zuba a ƙananan kofuna da tsinke aka sa a firiza, yana daskarewa da laushi ba ya yin ƙanƙara mai tauri, sai dai in ya narke ba ya komawa daidai.

Maganar ajiya, wanda aka dama a rufe shi da leda ta taɓa samansa, a firij, a cinye cikin kwana biyu zuwa uku. In kin ga ɗan ruwa ya taru a gefe ba lalacewa ba ce, ragar ce ke matsewa tana fitar da ruwa, musamman inda aka ɗiba da cokali. Busasshen garin da aka buɗe kuwa babban makiyinsa danshi ne, tunda aikinsa kenan shan ruwa, ko na iska ya samu zai sha ya dunƙule. Ni tunda cokali ɗaya biyu nake ɗiba dan kirim, sauran a kwalba mai murfi nake juyewa in rubuta kwanan wata a jiki.

Kuma a karanta kwali, wannan da gaske nake. Yawancin garin fudin na nan-take babu jelatin a ciki, wato sinadarin daskarar da jeli da ake samu daga fata da ƙashin dabba, mutane na rikita shi da jeli ne saboda kamfani ɗaya ke yin su, amma kamfani ya bambanta da kamfani, kuma akwai wasu sinadaran mai da ake sawa dan hana kumfa waɗanda kan iya fitowa daga tsiro ko daga dabba, mai kiyaye wannan sai ya nemi tambarin da ya gamsu da shi. Gishirinsa ma ya fi yadda baki ke ji yawa saboda zaƙi ya rufe shi, shi ya sa nake rage gishirin kukis in na sa garin. Wanda likita ya ce ya rage fosfet saboda ciwon ƙoda, wannan garin na cikin abin da zai tambaya a kai kafin ya sha. Akwai marar sukari, ƙaramin kwalinsa na banila bai fi giram 30 ba, yana kamawa a madara daidai kuma yana riƙe kirim, amma a kukis da kek ba ya ba da laushin nan sosai tunda sukarin da ke taya riƙe danshi babu shi, in shi kika samu sai ki bar sukarinki yadda yake kar ki rage.